Bindiga a kafaɗa, kundin tsarin mulki a aljihu

Daren 6 ga Janairun 2021 ana tsakiyar hunturu, mun idar da sallar isha'i muna zaune a teburin mai shayi, sai wayoyin jama'a suka cika da hotuna daga Washington. Mutane na hawa bangon ginin majalisar dokokin Amurka, wasu na farfasa tagogi. A cikin cincirindon akwai waɗanda suka fita daban. Suna sanye da kakin soja da hular kwano da rigar sulke, sun yi layi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, suna ratsa mutane suna hawa matakala. Kawuna, wanda ya ga juyin mulki tun daga na 1966, ya karɓi wayata ya matso da ita kusa da idonsa. Ya ce, "Ɗana, waɗannan sojojin wace bataliya ce?" Na ce, "Kawu, ai ba sojoji ba ne, 'yan ƙungiya ne." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To wa ya ba su izinin sa kaki?"

Babu wanda ya ba su. Tun a 1886 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa jiha tana da ikon hana mutane kafa rundunar kansu su riƙa atisaye da makami, kuma dukkan jihohi 50 na ƙasar suna da dokokin da suka haramta hakan ta wata fuska. Duk da haka ƙungiyoyin mayaƙan sa-kai masu tsattsauran ra'ayin riƙau sun shafe fiye da shekara talatin suna taruwa a dazuka da gonaki ranar Asabar, suna koyon harbi, suna raba wa juna muƙaman kanar da manjo, suna fitowa zanga-zanga da bindigogin yaƙi a rataye. Waɗanda kawuna ya gani a layi 'yan Oath Keepers ne, wato masu riƙe rantsuwa. Sun bar manyan makamansu a wani otal a jihar Virginia, tsallaken kogi, suna jiran a ce a kawo.

Na daɗe ina bin labarin waɗannan mutane, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: maganar 'yanci da suke yi riga ce. A ƙarƙashinta akwai tambaya guda wadda ba su cika faɗin ta a fili ba, wato ƙasar ta wa ce, wane ne ɗan gida, wane ne baƙon da aka yi wa alfarma. In ka riƙe wannan zare, za ka gane dalilin da ya sa suke tashi lokacin da suke tashi, suke kwanciya lokacin da suke kwanciya.

Su dai a bakinsu asalinsu 1775 ne, shekarar da manoma da maƙera na garuruwan Lexington da Concord suka ɗauki bindiga suka tari sojojin Ingila ranar 19 ga Afrilu. Hujjarsu kuma gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, wanda ya ce rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, don haka ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami ba. Suna karanta rabin ƙarshe da ƙarfi, su haɗiye kalmar "mai tsari". Rundunar da ake nufi a wancan zamani ta hukuma ce, gwamna ne ke kiran ta, kuma ita ce dokar 1903 ta mayar da ita dakarun tsaron jihohi da ake da su yau. Akwai kuma wani kakan da ba sa son a ambata. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, tsoffin sojojin Kudu da aka ci da yaƙi suka kafa Ku Klux Klan a garin Pulaski na jihar Tennessee, suka shiga yawon dare suna kashe bayin da aka 'yanta don hana su jefa ƙuri'a. Su ma cewa suke yi suna kare gidajensu daga danniyar gwamnatin tarayya.

Tushen aƙidar ta yanzu ya fito ne a farkon shekarun 1970, daga wata ƙungiya mai suna Posse Comitatus. Ɗaya daga cikin jagororinta, William Potter Gale, tsohon hafsan soja ne da ya koma wa'azi a California. Aƙidar da yake wa'azi a kanta ta ce Turawa farar fata su ne Bani Isra'ila na gaskiya, Yahudawa zuriyar Shaiɗan ne, baƙar fata kuwa ba su kai cikakken mutum ba. A fagen shari'a kuma ƙungiyar ta koyar da cewa babu wata hukuma halastacciya sama da sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gunduma. Harajin tarayya haram, babban banki haram, lasin tuƙi ma ƙangin bauta ne. Daga wannan gida ne wata koyarwa ta fito wadda ta fi komai tona asiri: wai 'yan ƙasa iri biyu ne. Akwai na asali, waɗanda 'yancinsu daga Allah yake kai-tsaye, akwai kuma waɗanda gyara na goma sha huɗu na 1868 ya mayar 'yan ƙasa, wato baƙar fata, waɗanda gwamnati ce ta ba su matsayin. Duk wanda ya san rikicin ɗan asali da ɗan zama a Jos zai gane wannan harshe tun kafin a fassara masa.

Da an bar wannan koyarwa a hannun 'yan tsirarun masu wa'azi, da ta mutu a can. Sai bango ya tsage. A ƙarshen 1980 kuɗin ruwa a bankunan Amurka ya haura kashi 20 cikin 100. A shekarar ce kuma Shugaba Carter ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi, farashin alkama da masara ya faɗi, darajar gonaki ta bi baya. Manoman tsakiyar ƙasar da aka zuga su ci bashi su faɗaɗa gona a shekarun baya suka wayi gari banki na yin gwanjon taraktocinsu da gonar da kakanninsu suka share. Wasu sun kashe kansu. Mutumin da ke tsaye yana kallo ana yi wa gadonsa kuɗi yana buƙatar a gaya masa wanda ya yi masa wannan aiki. Masanin tattalin arziki zai kawo masa dogon bayani mai rassa. Ɗan Posse kuwa zai zo har falonsa da kaset da 'yar ƙasida, ya ce masa Yahudawan banki ne, kuma bashin ma ba halastacce ba ne. A Fabrairun 1983 wani manomi ɗan ƙungiyar, Gordon Kahl, wanda ya daina biyan haraji, ya harbe jami'an tarayya biyu a kusa da garin Medina na Dakota ta Arewa. Bayan wata huɗu shi ma aka kashe shi a Arkansas, ya zama gwarzo a bakin mabiya.

Wannan shi ne salon da suka riƙe har yau. Ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira ba. Sunan mai laifin ne ake sauyawa.

A nan dole in faɗi abin da masu sukar waɗannan ƙungiyoyi ba su cika son tsayawa a kai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin Amurka da hannunta ta ba su shahidai.

Randy Weaver mutum ne mai ra'ayin wariya da ya kwashe iyalinsa ya koma kan wani dutse a arewacin Idaho, wurin da ake kira Ruby Ridge, ba lantarki ba famfo. Wani ɗan leƙen asirin hukuma ya sa ya sayar masa da bindigogi biyu da aka datse bakinsu, aka nemi ya zama ɗan rahoto ya ƙi, aka kai shi kotu, takardar sammacin ma ta zo da kwanan wata na kuskure, bai je ba. Ranar 21 ga Agustan 1992 jami'ai suka laɓaɓo kusa da gidan. Suka harbe karen gidan. Aka yi musayar wuta, ɗansa Sammy mai shekara 14 ya mutu, jami'i ɗaya ma ya mutu. Washegari wani maharbin FBI, wato hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, ya yi harbi ta ƙofar gidan. Matar Weaver, Vicki, tana tsaye a bayan ƙofar, rungume da jaririyarta 'yar wata goma. Harsashin ya same ta a kai. Gawarta ta kwana da kwanaki a cikin ɗakin tare da 'ya'yanta kafin a janye ƙawanyar a rana ta goma sha ɗaya. Kotu ta wanke Weaver daga manyan tuhume-tuhumen, gwamnati kuma ta biya iyalin diyyar dala miliyan 3.1 a 1995. Ba na son ra'ayin Weaver ko kaɗan, da ni da irina ma ba mutane ba ne a idonsa. Amma babu aƙidar miji da za ta halatta a harbe mace da goyo a hannu.

Wata shida bayan haka sai ga Waco a Texas. Jami'ai suka kai samame gidan wata ƙungiyar addini ta David Koresh kan zargin tara makamai, mutum huɗu daga jami'ai da shida daga mabiya suka mutu a ranar farko. Aka yi ƙawanya ta kwana 51. Ranar 19 ga Afrilun 1993 aka tura motocin sulke suna huda bango suna fesa barkonon tsohuwa, gobara ta tashi, mutum 76 suka mutu, kusan 25 daga cikinsu yara. Binciken hukuma ya ce mabiyan ne suka cinna wutar. Amma miliyoyin mutane sun kalli ginin yana ci a talabijin da tankoki kewaye da shi, kuma hoto ya fi rahoto shiga zuciya. Mu da muka ga abin da kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a 2009 ya haifar, ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda gawa ɗaya ke zama tuta ba.

Sai aka ɗora dokokin taƙaita bindiga biyu a kai, ta 1993 mai tilasta binciken mai saye, da ta 1994 mai hana wasu bindigogi masu kama da na yaƙi. Ga wanda ya riga ya yarda cewa gwamnati na shirin murƙushe shi, biri ya yi kama da mutum. A 1994 John Trochmann ya kafa rundunar sa-kai ta Montana, Norman Olson kuma, fasto mai shagon sayar da bindiga, ya kafa ta Michigan. Cikin shekara biyu abin ya bazu ko'ina. Cibiyar Southern Poverty Law Center, mai bibiyar irin waɗannan ƙungiyoyi, ta ƙirga 858 a 1996. Wani abu mai muhimmanci ya faru a wannan gaɓa: an wanke harshen. An daina cewa Yahudawa a bainar jama'a, aka koma cewa "sabon tsarin duniya", kalmar da Shugaba Bush babba ya furta a jawabinsa na Satumban 1990. Labarin ya zama cewa wasu attajirai na ɓoye za su miƙa Amurka ga Majalisar Ɗinkin Duniya, sojojin ƙetare na ɓoye a dazuka, baƙaƙen jirage masu saukar ungulu na shawagi da dare, an gina sansanonin da za a tsare masu kishin ƙasa. Ginin labarin bai canza ba, sunan mugun ne aka lulluɓe, don mutumin kirki mai zuwa coci ya iya shiga ba tare da ya ji kunya ba.

Ranar 19 ga Afrilun 1995, shekara biyu cif bayan gobarar Waco, wata motar haya maƙare da takin zamani da mai ta tarwatse a gaban ginin gwamnatin tarayya a birnin Oklahoma. Mutum 168 suka mutu, 19 yara ne, yawancinsu a gidan reno da ke bene na biyu. A sa'o'in farko masu sharhi a talabijin suka nuna Gabas ta Tsakiya da yatsa. An tsare wani Ba'amurke ɗan asalin Jodan a filin jirgin saman Landan aka mayar da shi, an yi ta yi wa Musulmin garin barazana. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wanda ya yi aikin Timothy McVeigh ne, farar fata, tsohon sojan da ya yi yaƙin Iraƙi na 1991, wanda ya je Waco da kansa lokacin ƙawanyar. Ɗan sanda ya tare shi a hanya ne saboda motarsa ba lamba. Rigar da ke jikinsa tana ɗauke da maganar Thomas Jefferson a baya, cewa bishiyar 'yanci sai an riƙa shayar da ita lokaci-lokaci da jinin masu kishin ƙasa da na azzalumai. Shugabannin ƙungiyoyin suka yi ta rantsuwa cewa ba ɗansu ba ne, kuma gaskiya ne ba shi da katin kowace runduna. Amma daga rijiyarsu ya sha. Tun a 1992 wani jigo na Klan, Louis Beam, ya yaɗa dabarar gwagwarmaya ba shugaba: kada a yi babbar ƙungiya da za a iya kutsawa, a dai yi ta magana, mutum ɗaya ko biyu za su ji su aikata, masu maganar kuma hannunsu a wanke.

Wannan rigar ta McVeigh ita ce ta sa na fi damuwa da harshensu fiye da makamansu. Bindiga ba ta da wuya a Amurka, wani ƙiyasi na 2018 ya ce akwai kusan miliyan 393 a hannun farar hula, sun fi mutanen ƙasar yawa. Abin da ƙungiyoyin nan ke bayarwa shi ne izinin zuciya. Ba su ƙirƙiro kalmomin kansu ba, kalmomin da yaron Amurka ya haddace a firamare suka aro: ɗan kishin ƙasa, azzalumi, 'yanci, 1776. Tutarsu rawaya mai hoton maciji a naɗe, da rubutun "kada ka taka ni", ta zamanin yaƙin 'yanci ce. Da yawansu suna yawo da ƙaramin kundin tsarin mulki a aljihun gaba. Saboda haka idan ɗan sanda ko alƙali ya tunkare su, sai ya zama kamar yana tunkarar kakannin ƙasar. Ƙungiyar Three Percenters, da aka kafa a 2008, sunanta ma da'awa ce cewa kashi uku cikin ɗari na mazauna ne kawai suka yaƙi Ingila, abin da masana tarihi suka ce ba haka ba ne. Amma dubi amfanin da'awar. Ta ce wa mutum ba ya buƙatar rinjaye. Ko an kayar da shi a zaɓe, shi ne al'umma ta gaskiya, sauran tumaki ne, shi kuma karen da ke gadinsu daga kyarkeci.

Kuma a bakinsu kullum su ake shirin kai wa hari. Ba za ka ji sun ce za mu far musu ba, sai dai za su zo, za su ƙwace, za su mamaye. Kullum gobe ne. A 2015 sojojin Amurka suka shirya wani atisaye mai suna Jade Helm a jihohin kudu maso yamma, jita-jita ta bazu cewa shirin kafa dokar soja ne a Texas, har gwamnan jihar Greg Abbott ya umarci dakarun jiha su sa ido a kan atisayen. Aka gama aka watse, ba abin da ya faru. Wannan bai girgiza kowa ba, domin amsar a shirye take: ba su zo ba ne saboda sun ga mun shirya. Annabcin da rashin cikarsa ma hujja ne, babu ranar da zai ƙaryata. Mutumin da aka shekara goma ana gaya wa cewa an kusa shigo masa gida, ranar da ya fara harbi zai rantse cewa kare kansa yake yi.

Za a ce mini ban yi adalci ba. Yawancin 'yan ƙungiyoyin nan ba su taɓa harbin kowa ba. Dokokin Oath Keepers a rubuce sun hana wariyar launi, akwai baƙar fata ƙalilan a cikinsu, shugaban wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi mai suna Proud Boys na lokacin harin majalisa, Enrique Tarrio, ɗan asalin Kuba ne mai jinin Afirka. Na yarda da duk wannan, kuma ban ce na san zuciyar kowane mutum ba. Kalanda nake kallo.

Sun yi tashe a zamanin Clinton. Da Bush ƙarami ya hau, aka yi dokar tsaro ta 2001 da ta ba hukuma damar leƙen asirin jama'a, aka buɗe Guantanamo, aka tsare mutane ba shari'a, har da ɗan ƙasa da aka kira abokin gaba aka kulle a barikin soja. Wannan shi ne ainihin abin da suka shekara goma suna gargaɗi a kai. Sai suka yi tsit, adadinsu ya sauka zuwa 149 a 2008. A ƙarshen shekarar aka zaɓi Barack Obama. A 2009 suka koma 512, a 2012 suka kai 1,360. Stewart Rhodes, tsohon sojan laima da ya karanta lauya a Yale, ya ƙaddamar da Oath Keepers a filin Lexington ranar 19 ga Afrilun 2009, wata uku da rantsar da baƙar fata na farko a fadar White House. Ya nufi tsoffin sojoji da 'yan sanda, ya ba su jerin umarni goma da ba za su bi ba, ciki har da tsare 'yan ƙasa ba shari'a da yi wa birane ƙawanya. A bazarar 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda, jami'an tarayya suka riƙa ɗauke masu zanga-zanga a titunan Portland cikin motoci marasa tambari. Masu riƙe rantsuwa ba su ce uffan a kan gwamnati ba. Wajen masu zanga-zangar suka juya bakin bindiga, Rhodes kuma ya koma roƙon Shugaba Trump ya yi amfani da dokar murƙushe tawaye. Wanda ke tsoron ƙarfin gwamnati tsakani da Allah, tsoronsa ba ya bin launin wanda ke kan kujera. Wannan fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Wani zai kwatanta su da 'yan sa-kan Zamfara ko Katsina. Kwatancen bai zauna daidai ba. Namu, da duk ɓarnar da wasunsu suka yi, sun taso ne inda hukuma ta bar mutane a hannun ɓarayin daji. Waɗancan suna zaune a ƙasar da in ka buga waya ɗan sanda zai zo. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: duk rundunar da ta naɗa kanta, ita ke yanke wa kanta wane ne maƙiyi, kuma ba ta da wanda zai ce mata ta yi kuskure.

Wane ne maƙiyin, a shekarun baya-bayan nan? A garin Garden City na jihar Kansas akwai 'yan Somaliya da ke aiki a mayankar shanu. Suna zaune a wani rukunin gidaje, sun mayar da ɗaki ɗaya masallaci. A 2016 wasu mutum uku daga wani reshen mayaƙan sa-kai da ke kiran kansu Crusaders, wato mayaƙan 'yan Salibiyya, suka shirya ajiye motoci huɗu maƙare da bam a kusurwoyin gidajen, su tayar washegarin zaɓen shugaban ƙasa. A faifan da aka naɗa a ɓoye, kyankyasai suke kiran Musulmin, kalmar da gidan rediyon Ruwanda ya yi amfani da ita kafin kisan 1994. Wani daga cikin ƙungiyar ne lamirinsa ya hana shi, ya kai rahoto. An yanke musu shekara 25 zuwa 30. A Agustan 2017 kuma wasu 'yan wata runduna daga Illinois suka yi tafiyar dare har Bloomington a Minnesota, suka fasa tagar ofishin limamin masallacin Dar al-Farooq suka jefa bam, daidai lokacin da mutane suka taru don sallar asuba. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ɗaya daga cikinsu ya shaida wa masu bincike cewa so suke su tsorata Musulmi su bar ƙasar. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Bronx ko Chicago ko Houston, wanda ke fita asuba cikin duhu da hula a kansa, wannan labari ya shafe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ma'aunin hukuma ke karkata. A Mayun 1967 'yan Black Panthers, baƙar fata, suka shiga ginin majalisar California a Sacramento da bindigoginsu, abin da doka ta halatta a lokacin. Ba a yi wata uku ba aka haramta yawo da bindiga mai harsashi a jihar, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. A Afrilun 2020 fararen fata da bindigogin yaƙi suka shiga majalisar Michigan a Lansing suna adawa da dokar kulle ta korona, suka tsaya a saman bene suna kallon 'yan majalisa a ƙasa, wasu 'yan majalisar sanye da rigar sulke. Suka fita suka koma gida. Bayan wata shida FBI ta kama wasu mutane, ciki har da waɗanda suka halarci irin wannan zanga-zanga, da shirin sace gwamnar jihar, Gretchen Whitmer.

Ko a ɗauki batun Cliven Bundy, makiyayi a Nevada. Tun 1993 ya daina biyan kuɗin kiwo a filin gwamnatin tarayya, bashi da tara suka haura dala miliyan ɗaya, kotu ta yi ta ba da umarni yana watsi da shi. A Afrilun 2014 hukuma ta fara kame shanun. Ɗaruruwan mutane da makamai suka taho daga jihohi daban-daban. Akwai hoton da ya zaga duniya, na wani mutum kwance rub-da-ciki a kan gadar babbar hanya, ya zura bakin bindigarsa ta tsakanin shingen kankare, yana saitin jami'an da ke cikin kwari. Hukuma ta tuna Waco, ta janye, ta saki shanun. Ban ga laifin janyewar ba, rai ya fi saniya. Amma shari'ar da ta biyo baya ta rushe a 2018 saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye hujjoji, 'ya'yansa kuma da suka mamaye wani gandun gwamnati a Oregon na kwana 41 a 2016 masu taya alƙali hukunci suka wanke su. Darasin da kowane ɗan ƙungiya ya ɗauka a fili yake. Da farko an yi musu amfani da ƙarfin da ya wuce kima har suka sami shahidai, daga baya aka sassauta har suka ga cewa saita jami'i da bindiga yana biya. Ka sa a ranka cewa matasan Somaliya na Minneapolis ne suka kwanta a kan waccan gadar.

Shari'ar harin majalisa ta so ta gyara wannan. Kusan 'yan sanda 140 aka jikkata a ranar. A Nuwamban 2022 aka sami Rhodes da laifin haɗa baki don yi wa gwamnati tawaye, a Mayun 2023 aka yanke masa shekara 18. Tarrio ya sami 22. A gaban alƙali Rhodes bai nuna nadama ba, ya kira kansa fursunan siyasa. Na ɗauka a lokacin cewa an kai ƙarshen wani babi, har na gaya wa kawuna cewa waɗanda ya gani a layi sun shiga hannu. Ya ce, "Allah ya sa su daɗe a can."

Ranar 20 ga Janairun 2025, sa'o'i kaɗan bayan rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Trump ya yi wa kusan mutum 1,500 da aka tuhuma kan harin afuwa, ciki har da waɗanda suka doki 'yan sanda. Tarrio ya sami cikakkiyar afuwa, Rhodes aka sassauta masa hukunci zuwa zaman da ya riga ya yi. Kwana biyu bayan haka 'yan jarida suka gan shi a ɗaya daga cikin gine-ginen ofisoshin 'yan majalisar, yana zaune yana amsa tambayoyi.